Dambe a Kano: Hutun da Birni Ya Ƙwace

A farkon shekarar 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani Bature matafiyi mai suna Hugh Clapperton ya sauka a birnin Kano. Ya sha jin labarin 'yan damben ƙasar Hausa, don haka ya aiki baransa da alkawarin wuri 2,000 ga waɗanda za su zo su yi masa wasa a ƙofar masaukinsa. Washegari suka iso da makaɗa, mahautan gari na biye da su ɗuu. A littafin tafiyar da aka buga a Landan a 1826 ya ba da labarin yadda aka naɗe wa kowane ɗan wasa hannun dama da siririn ƙyalle na saƙi, tun daga yatsa har gaba da wuyan hannu, da yadda suke kai naushi su kuma kai shuri, da yadda 'yan mata suka bar tulunansu a bakin rijiya, 'yan kasuwa suka yar da kwanduna suka sheƙo kallo. Sharaɗi guda ya gindaya musu, kada a yi da gaske, domin an gaya masa in aka yi da gaske da wuya a tashi ba a rasa rai ba.

Duk wanda ya san gidan dambe na yau zai gane kusan komai a wannan labari. Hannun da ake ɗaurewa yana nan, da kara a kan ƙyallen. Kalangu yana nan. Mahauta ma suna nan, ko da yake wasan ya daɗe da fita daga hannunsu su kaɗai, yau za ka ga ɗan dako da bakanike da mai tuƙa Adaidaita Sahu sun sa zare. Abin da ya sauya, wanda kuma ba a cika kawo zancensa ba, shi ne tazarar da ke tsakanin duka da duka.

Damben da wasan kaka ne. Sai an yanke gero da dawa an kai rumbu, aljihun manomi ya yi nauyi, an shiga bukukuwan aure da kalankuwa, sannan ayarin mahauta zai ɗauki makaɗansa ya bi ƙauyuka. Da rana su yanka dabba su sayar da nama, da yamma ko da farin wata a share fage su gwabza da samarin garin. Saurayi yana neman suna, yana kuma so 'yan mata su gan shi. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, in ba a samu haka ba a raba su babu kisa. Daga nan a naɗe kaya a taka da ƙafa zuwa gari na gaba. Haka za a yi ta yi har rani ya yi nisa. Da zarar hadari ya fara haɗowa a gabas kowa ya kama hanyar gida, domin ɗan dambe manomi ne kafin komai. Daga shuka zuwa noman fari, zuwa maimai, har girbi, wata huɗu ko biyar ba mai taɓa masa kai.

Ba ina nufin mutanen da ba su ji jiki ba ne. Sun ji ƙwarai. A da ana ɗaura akayau a ƙafa a yi shuri da shi, tsofaffi kuma suna ba da labarin masu tsoma kara cikin danƙo da garin kwalba, abubuwan da aka hana daga baya. Zamanin su Shago da Ɗandunawa, waɗanda Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya kai sunansu kowane lungu na ƙasar Hausa, ba zamanin tausayi ba ne. Wanda ya saurari waƙar Shago ya san zancen mutuwa da lahira ne ya cika ta. Amma duk da haka, shekara da kanta tana raba faɗan.

Birni ne ya cire wannan rabon. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da fata da ƙirgi suka sami hanyar bakin teku, 'yan cirani suka yi ta kwararowa suna dakon buhunan da aka gina dalar gyaɗa da su. Daga baya aka yanka Bompai don masana'antu, Sharaɗa da Challawa suka bunƙasa da kuɗin man fetur suka shigo. Masaƙu, matatun man gyaɗa, kamfanonin alawa da na roba da na jima. Su kamfanonin jima ai da fatar da mahauci ya feɗe suke aiki, don haka ɗan mahauci bai yi baƙunta a Challawa ba. Wanda a da zai ci rani ya koma gona sai ya sami albashi, ya kama ɗaki a Dakata ko Kawaji ko Birget ko nan Hotoro, na can kudu kuma a Ja'en da Fanshekara. Damina ta zo ta wuce yana tsaye gaban inji.

Ma'aikaci mai albashi yana son abin kallo in an tashi daga aiki, kuma yana da abin biya. A nan ne fage ya koma gida. Aka kewaye da langa-langa ko bulo, aka zaunar da mai karɓar kuɗin ƙofa. Mai gidan dambe yana sallamar makaɗa, yana ciyar da 'yan wasa, yana ba su wurin kwana, to ta yaya zai jira kaka? Ga kuma ɓangarori, Kudu, da Arewa da ake wa laƙabi da Jamus, da Guramada, kowane ɗan kallo yana da waɗanda zai ɗaga wa murya kowace yamma. Gidan damben da ke dandalin Ado Bayero a Sabon Gari, ko na Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, wanda Sashen Hausa na BBC ya sha kawo sakamakon wasanninsa na safiyar Lahadi, ba ruwansu da damina, sai dai in ruwan ya sauka a daidai lokacin wasa. Babban hutun da ya rage wa ɗan dambe a shekara shi ne watan azumi.

Da tattalin arziki ya juya baya, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, lantarki ta gagara, kayan waje suka cika kasuwa, masaƙun Bompai da Sharaɗa suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan bai rage wa dambe komai ba, ƙara masa 'yan wasa ma ya yi. Saurayi mai ƙarfi, ba gona kusa, ba inji, ga gidan da zai shiga ya fito da na abinci. Wanda ake sallama a kan kowane wasa, ga liƙin 'yan kallo a kai, ba zai buɗe baki ya ce kansa na ciwo ba.

A unguwarmu ta Hotoro akwai wani dattijo mai sayar da nama da nake ciniki wurinsa. A ƙauye ya fara dambe yana shagon wani, aikin kamfani ya kawo shi Bompai, ya ci gaba da wasa a birni har ƙarfi ya ƙare. In ya miƙo maka ƙunshi za ka ga gaɓoɓin hannun damansa sun kumbura sun karkace, ga tabon tsaga jere a damtse. Amma ni hularsa ce ta ja hankalina. Wani lokaci sai in tarar ya cire ta ya kife a gefen tebur, dattijo mai furfura, kai ba hula a bainar jama'a.

Na ce, "Baba, yau zafin ne ya yi yawa?"

Ya ce, "Ba zafi ba ne, ɗan nan. In abin ya motsa, hular ma ciwo take mini. Ko wanzami ba ya taɓa ni sai ya lafa."

Da dare yakan juya wa titi baya saboda fitilar motoci. Ya ce daga bayan ido yake tasowa ya bi ta ƙeya, wani sa'in kwana biyu bai sake shi ba. 'Ya'yansa sun fi karkata ga cewa jifa ne na abokan gaba tun na zamanin wasa, sun kuma kashe kuɗi a kan haka. Shi kuwa dariya yake. "Wane jifa? Dukan da na ci ne. Mu da muka fara a ƙauye, ruwa na sauka za mu kwance kara mu ɗauki fartanya. A birni ne na yi wasa yau, na yi gobe, na yi jibi, kaina na juyawa in shiga."

Likitoci sun daɗe da sanin ƙarshen wannan hanya. A 1928 wani likitan binciken gawa a Amurka, Harrison Martland, ya rubuta a kan tsofaffin 'yan damben zamani masu tafiya suna tangaɗi, magana na sarƙe musu, ba tare da sun sha komai ba. A 1973 wani likita a Ingila mai suna Corsellis da abokan aikinsa suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan dambe 15 bayan rasuwarsu, suka ga irin lalacewar da ta yi. Ɗan Najeriya ne kuma, Dakta Bennet Omalu, ya ga irin wannan cuta a ƙwaƙwalwar wani ɗan ƙwallon Amurka mai suna Mike Webster da ya rasu a 2002, ya wallafa a 2005, masu harkar ƙwallon suka yi masa ca. A 2017 masu bincike a Boston suka ce sun sami cutar a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan babbar gasar ƙwallon Amurka da aka ba su. Adadin yana da ban tsoro, amma a tuna iyalan da suka ga alamun rashin lafiya ne suka fi ba da gawar nasu a duba.

Wannan duk zancen bayan shekaru ne. Zancen hular Baba ya fi kusa, kuma ɓeraye ne suka fi ba da amsarsa, tun da ba a buɗe kan mutum mai rai don a leƙa. Ga yadda ake yi. A sa wa ɓera maganin barci, a saki wani ɗan ƙarfe da aka auna nauyinsa daga tsayin da aka auna, ya sauka a kansa ba tare da ya fasa ƙoƙon ba. Ɓeran ya farka, ya ci abinci, ya yi yawonsa, ido ba ya ganin komai. To ta yaya za ka tambayi ɓera ko kansa na ciwo? Da gashi. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani masani a Jamus, Max von Frey, ya ƙirƙiro gwada jin fata da silin gashi masu kauri daban-daban. Yanzu zaren roba ake amfani da shi. Sai a ɗauki siriri a taɓa wa ɓeran fuska kusa da ido. Lafiyayye ko kulawa ba ya yi. Wanda aka buga sai ya zabura, ya kau da kai, ya hau murza fuska da ƙafa. Taɓawar da ba ta kai ta yi zafi ba ta zame masa zafi.

A 2017 wasu masu bincike a Jami'ar Thomas Jefferson da ke Filadelfiya suka gwada abu biyu tare, yawan bugun da kuma tazarar da ke tsakani. Ɓerayen da aka fi yawaita wa bugu, aka kuma rage musu lokacin murmurewa, su ne suka fi kasa jure taɓawa. Da aka duba gindin ƙwaƙwalwarsu, inda jijiyar fuska da kai take kai saƙo, sai aka ga wani sinadari da ake kira CGRP ya ƙaru, shi ne kuma sinadarin da aka sani a ciwon ɓarin kai. Aka ga wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ake kira maikurogiliya sun yawaita a wurin. Waɗannan su ne masu tsaron ƙwaƙwalwa: in an sami rauni su taso su kwashe abin da ya mutu, su saki sinadaran da ke jawo kumburi, aiki ya ƙare su kwanta. Kumburi ne da ba a gani a goshi, a ciki yake. Halinsu irin na 'yan sintirin unguwa ne. In an yi sata sau ɗaya za su tashi su zagaya, gari ya waye su koma barci. In aka yi ta jere da jere kafin su runtsa, to har mai fitowa sallar asuba sai ya sha sanda.

Tun 2005 wani gwaji a Jami'ar Fensilbaniya ya nuna muhimmancin kwanakin. Ɓerayen da aka sake bugawa bayan kwana 3 ko 5 sun rikice wajen koyon hanya a gwajin da ake musu, waɗanda aka bari sai kwana 7 kuwa ba su nuna wannan rikicewar ba. Dalilin da masana suke bayarwa shi ne bayan bugu ƙwaƙwalwa tana buƙatar ƙarfi mai yawa don ta gyara kanta, a daidai lokacin da jinin da ke kai mata abinci ya ragu. Bugu na biyu a cikin wannan hali ba daidai yake da na farko ba, ko da nauyinsu ɗaya.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Jami'ar Arizona na 2019. An buga ɓeraye, suka yi kwanaki ba sa son taɓawa, cikin kimanin mako biyu abin ya wuce, suka koma tamkar ba a taɓa su ba. Sai aka takura su da haske mai ƙarfi. Lafiyayyu ba abin da ya same su, waɗanda aka taɓa bugawa kuwa ciwon ya dawo sabo. Har tafin ƙafarsu, inda ba abin da ya taɓa, ya daina jure taɓawa. Wato warkewar da ake gani a ido ba ita ce ƙarshen magana ba, jijiyoyin sun riga sun zama masu saurin tashi. An kuma ga maganin da ke toshe CGRP yana hana wannan in an fara shi da wuri, in an makara ba ya hanawa.

Ɓera dai ba mutum ba ne, kwana 7 nasa ba namu ba ne, kuma ɗan ƙarfen da aka auna a ɗakin gwaji ba shi ne hannun bahago da ya sha kara ba. Sai dai gwaje-gwajen nan, daga jami'o'i daban-daban, wuri guda suke nunawa, kuma wurin shi ne abin da dattijon nan ya faɗa da bakinsa. Mutanen da ba su tsara hutun damina don lafiyar kai ba, noma ne ya tilasta musu, amma sun ci ribarsa.

Akwai abin da 'yan kallo ya kamata su sani. Ba sai mutum ya suma ba ne ƙwaƙwalwarsa take girgiza. Tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, naushin da ya sami haɓa ya murɗa kai shi ne yake jijjiga ta, ko ɗan wasan ya faɗi ko bai faɗi ba. Wasan da aka tashi babu kisa, aka yi turmi uku ana musayar duka a fuska, yana iya fin kisan turmin farko ɓarna. Ba ni da faɗa da laya ko tsagar hannu, kowa da abin da ya gada, amma ba su hana kai murɗawa.

Abin da nake da faɗa da shi ƙwaya ce. Kowa a Kano ya san yadda taramol ta shiga cikin masu aikin ƙarfi, ya kuma tuna yadda gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Ciwon kai bayan duka yana cikin gargaɗin da jiki yake bayarwa cewa ba a gama gyara ba. Wanda ya danne shi da ƙwaya ya koma fage ya shiga daidai kwanakin nan masu haɗari. Ga wani tarkon kuma: likitoci sun tabbatar yawan shan maganin ciwon kai, kusan kullum, shi kansa yana haifar da ciwon kai mai naci. Mutum ya sha don ya lafa, ya dawo, ya ƙara sha.

Yanzu dambe ya shiga wani sabon zamani. Tun wajen 2017 da tashar Dambe Warriors ta fara ɗora wasanni a YouTube, mutanen da ba su taɓa jin kalangu ba suna kallon samarinmu daga ƙasashen duniya. Ana damben mota, ana na babur. Wasu masu shirya gasa sun kawo awon nauyi da ma'aikatan lafiya a bakin fage, wannan abin yabo ne. Sai dai kyamara kisa take so, kisan da za a yi ta maimaitawa a waya, ba ta bin wanda aka kashe zuwa ɗakinsa ta ga yadda ya kwana. Kuma har yanzu yara ƙanana ne suke buɗe fage kafin manya su fito, masu ƙwaƙwalwar da ba ta gama nuna ba.

Na san akwai malaman da za su ce a rufe gidajen gaba ɗaya. Suna da hujja, addini ya hana dukan fuska, kuma majalisar malaman fiƙihu da ke Makka ta yi fatawar haramta damben zamani a 1987. Ni dai na taso ina jin kiɗan nan, na san tsigar jiki tana tashi in ɗan wasa ya ɗaga hannu yana kirari, na kuma san wasan da ya riga masana'antun Bompai zuwa, ya kuma ga bayan da yawansu, ba zai mutu da takarda ba. Abin da hannu zai iya kaiwa shi ne a mayar masa da hutunsa.

A damben zamani na masu son wasa, wanda aka buge ya kasa tashi ba ya sake shiga fage sai bayan aƙalla kwana 30. Masu gidajen dambe da shugabannin Kudu da Arewa da Guramada za su iya ɗaukar wannan ba tare da jiran gwamnati ba. Sai dai ba zai yi aiki a gida ɗaya ba, domin wanda aka kashe a Kano yau, gobe ya hau mota sai Kaduna ko Gusau ko Dei-Dei. Dole gidajen su riƙa sanar da juna, kuma duk suna da waya. Dole kuma a ci gaba da ciyar da wanda aka zaunar, in ba haka ba yunwa za ta mayar da shi fage kafin mako. Likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da masana na Jami'ar Bayero su ma ga aiki a ƙofar gidansu: tsofaffin 'yan dambe suna nan a kwata da tashoshin mota da ƙofofin kamfanoni suna gadi, za su yi magana in an tambaye su.

Kai kuma ɗan kallo, in ɗan wasanka ya sha duka ya fara amai, ko barci ya rinjaye shi, ko maganarsa ta sarƙe, ko ya kasa tuna wanda ya yi wasa da shi, a kai shi asibiti a daren, kada a bari sai da safe. Kuɗin da za ka liƙa masa ranar da ya yi kisa, ka raba biyu, ka kai masa rabi a makonnin da yake zaune.